Jijiyar Wuya Da Ma'aunin Gaskiyar Magani

 Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne labarin wata jijiya da ke wuyan kowannenmu, da yadda wani likita ya yi zaton ya gano a cikinta asalin wata muguwar cuta, har dubban marasa lafiya suka kwashe dukiyarsu suka bi bayansa, sa'an nan aka yi shekara 8 ana awo kafin gaskiya ta tabbata. Dalilinmu na zaɓen wannan batu shi ne, da yawa daga cikinmu gobe za su zauna a ofis a kawo musu takarda su sa hannu a fitar da kuɗin jama'a. Wanda bai zauna a ofis ba kuwa, ba zai rasa ɗan'uwa mara lafiya da zai zo ya ce masa, "Kai da ka yi karatu, wannan maganin da a ke ta faɗi, gaskiya ne?" Ya kamata mu san yadda a ke amsa wannan tambaya.

Da farko sai mu warware kalmar jijiya, domin Bahaushe yana kiran abubuwa dabam-dabam da ita. Akwai jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya zuwa sassan jiki, mai kaurin bango, wadda mu ke jin bugunta a wuyan hannu. Akwai mai komo da jinin zuwa zuciya, bangonta siriri ne, mai taushi, ko yatsa aka ɗora mata sai ta lanƙwashe. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ba jini a cikinta, aikinta kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da komo da labarin zafi ko sanyi ko taɓawa. Labarinmu na yau ya haɗa ta biyu da ta uku, saboda haka sai a riƙe bambancinsu.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, watau kimanin kashi uku cikin huɗu na lita a kowane minti. Duk abin da ya shiga kuwa dole ya fita. Babbar hanyar fitarsa ita ce jijiyar wuya ta ciki, guda biyu, dama da hagu. Kowace tana farawa daga wata kafa a gindin ƙoƙon kai, ta gangaro kusa da jijiyar da ke hawa da jini zuwa ƙwaƙwalwa, ta haɗu da jijiyar hannu a bayan ƙashin wuya, daga nan jinin ya zarce zuwa ɓangaren dama na zuciya. A jikin yawancin mutane ta dama ta fi ta hagu girma. Wani abin lura kuma shi ne, idan mutum yana kwance jijiyoyin nan su ne ke ɗauke da yawancin jinin, amma da zarar ya miƙe tsaye sai su motse, jinin ya koma bin wasu ƙananan hanyoyi da ke kewaye da ƙashin baya. Ke nan jiki bai dogara da hanya ɗaya ba.

Likitoci sun daɗe suna amfani da wannan jijiya. Tun da ya ke ta miƙe ne zuwa zuciya, idan zuciya ta gaza tura jini sai ya taru a baya, jijiyar ta cika ta kumbura. James Mackenzie, likita daga Sikotlan, ya bayyana ma'anar motsinta a littafinsa na 1902, Thomas Lewis kuma a 1930 ya nuna yadda za a kishingiɗar da mara lafiya a auna tsawon cikarta da ido. Har yau wannan na cikin abin da a ke fara koya wa ɗalibin likita, kuma ba ya bukatar lantarki. A shekarun 1970, lokacin da likitoci Davidson da Parry suka yi bincike a Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, irin wannan ciwo ne da cikar jijiyar wuya ke cikin alamominsa. Wannan duk ilmi ne tabbatacce, wanda aka gwada aka sake gwadawa.

To, yanzu sai mu juya ga cutar. Jijiyar saƙo tana da wata riga mai maiƙo da ta rufe ta, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Akwai cutar da ke sa garkuwar jikin mutum ta juyo ta riƙa cin wannan riga a ƙwaƙwalwa da laka. Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, MS. Likitan Faransa Charcot ne ya bayyana ta filla-filla a 1868. Takan fara tsakanin shekara 20 da 40, ta fi kama mata, kuma takan kawo dushewar gani, da mutuwar gaɓa, da kasala mai tsanani, da wuyar tafiya. An ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 2.8 a shekarar 2020. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi, kamar Kanada da arewacin Turai, a ƙasashenmu kuwa ba a cika samunta ba. Akwai magungunan da ke rage tashinta, amma babu mai warkar da ita. Halinta guda da ya kamata a riƙe shi ne, a wajen yawancin masu ita takan tashi ta kwanta, mutum ya yi makonni yana fama, sa'an nan ya sami sauƙi da kansa na watanni ko shekaru.

Paolo Zamboni likitan tiyatar jijiyoyin jini ne a Jami'ar Ferrara ta ƙasar Italiya, kuma matarsa tana da wannan cuta. Ya saba ganin yadda jinin da ya kasa komawa daga ƙafa ke taruwa, ya bar sinadarin ƙarfe a nama, har gyambo ya fito. Sai ya yi tunani, shin ba irin wannan ne ke faruwa a ƙwaƙwalwa ba? Watau jijiyar wuya ta ƙuntata, jini ya riƙa komawa baya, ƙarfe ya taru, garkuwar jiki ta tashi. Tunanin ba na wauta ba ne, gama tun 1863 wani masani Bajamushe, Rindfleisch, ya lura cewa a tsakiyar tabon da cutar ke bari a ƙwaƙwalwa akan sami 'yar jijiyar jini.

A 2009 Zamboni ya buga sakamakon bincikensa. Ya duba masu MS 65 da waɗansu mutane 235 marasa ita, da na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki ta hanyar sauti. Ya ce dukkan 65 ɗin suna da matsalar fitar jini, a cikin 235 kuwa ko ɗaya babu. A ƙarshen shekarar ya sake buga wani rahoto. Ya zura siririn bututu ta jijiyar cinya har wuya, ya hura ɗan balan-balan ya buɗa wurin da ya ƙuntata, a jikin marasa lafiya 65. Ya ce a cikin masu irin cutar da ke tashi tana kwanciya, waɗanda ba ta tasar musu ba sun ƙaru daga kashi 27 zuwa kashi 50 cikin 100. Amma a rahoton nan babu wani rukuni da ba a yi wa aikin ba da za a kwatanta da shi, kuma likita da mara lafiya duk sun san abin da aka yi. Bugu da ƙari, a wajen kusan rabinsu jijiyar wuyan ta sake ƙuntata.

A watan Nuwamba na 2009 gidan talabijin na CTV a Kanada ya nuna shiri a kan aikin, aka ba shi suna mai daɗin ji, wai maganin 'yantarwa. Nan da nan labari ya bazu. Aka buɗe ɗaruruwan dandali a Facebook, mutane suka riƙa sa hotunansu masu motsi, ga su jiya da sanda, ga su yau suna tafiya. Da asibitocin Kanada suka ƙi yin aikin sai an gwada shi, dubban marasa lafiya suka nufi Polan da Indiya da Kosta Rika da waɗansu ƙasashe, kowa ya biya dubban daloli. Kada mu yi musu dariya. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Matashin da aka gaya masa ƙafafunsa za su riƙa mutuwa a hankali, in ya ji an ce aikin sa'a guda zai tsai da abin, wa zai hana shi?

Sai dai aikin yana da haɗari. A Jami'ar Stanford ta Amurka, inda aka riƙa sa ɗan ragar ƙarfe a jijiyar don kada ta sake motsewa, wata mata ta rasu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa tana shan maganin tsinka jini bayan aikin, wani kuma ragar ta zame ta faɗa cikin zuciyarsa, sai da aka tsaga ƙirji aka ciro ta. Aka dakatar da aikin a can a ƙarshen 2009. A 2010 wani ɗan Kanada ya rasu a Kosta Rika bayan jini ya daskare a jijiyar da aka yi masa aiki. A watan Mayu na 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba a tabbatar da amfanin aikin ba, kuma yana jawo rauni da mutuwa.

A nan ne maganar ta shafi 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati. Marasa lafiya suka yi zanga-zanga, 'yan majalisa suka ɗauki maganar, aka zargi likitocin ƙwaƙwalwa da haɗa baki da kamfanonin magani don su danne gaskiya. A watan Yuni na 2010 ƙungiyoyin masu MS na Amurka da Kanada suka ba da dala miliyan 2.4 don a yi bincike guda 7. Lardin Saskatchewan ya ware dala miliyan 5 don gwaji a watan Oktoba na shekarar, gwamnatin tarayyar Kanada kuma ta amince a 2011 za ta ɗauki nauyin nata gwajin. Lardin New Brunswick kuwa ya bi wata hanya dabam, ya ware kuɗin taimaka wa masu fita waje a yi musu aikin. Ku dubi bambancin. Waɗansu sun kashe kuɗin jama'a don a san gaskiya, wani ya kashe don a sayi abin da ba a riga an san gaskiyarsa ba.

Masu bincike suka raba tambayar gida biyu. Ta farko, shin ƙuntatar jijiyar ta masu MS ce su kaɗai? A birnin Balin na Jamus, a 2010, aka duba masu cutar 56 da masu lafiya 20, ba a sami ko mutum ɗaya da ya cika sharuɗɗan Zamboni ba. A birnin Buffalo na Amurka, a 2011, aka duba mutum 499, aka ce an ga matsalar a kashi 56 cikin 100 na masu MS, amma an gan ta a kashi 42 na masu waɗansu cututtukan ƙwaƙwalwa, da kashi 23 na masu lafiya. Sa'an nan a 2013 Anthony Traboulsee da abokan aikinsa a Kanada suka buga a mujallar Lancet binciken da suka yi wa mutum 177, masu cutar da 'yan'uwansu na jini da bare. Sun zura bututu suka ɗauki hoton jijiyar ta ciki, masu karanta hoton kuwa ba su san na wane ne ba. Suka tarar jijiya ta ƙuntata fiye da rabi a kashi 74 cikin 100 na masu MS, da kashi 66 na 'yan'uwansu, da kashi 70 na baren. Ashe ƙuntatar nan halitta ce da ke jikin yawancin mutane. Watakila mutum biyu cikin uku a ɗakin nan suna da ita, suna zaune lafiya lau.

Yaya aka yi abu ɗaya ya ba da kashi 100 a Ferrara, sifiri a Balin? Amsar tana cikin abin da muka faɗa tun farko. Jijiyar nan mai taushi ce. Faɗinta yana sauyawa da kwanciya da zama, da numfashi, da juya kai, da yawan ruwan da mutum ya sha, har ma da yadda mai awo ya danna na'ura a wuya. Idan mai awon ya san wanda ke gabansa yana da cutar, kuma zuciyarsa na son ya ga ƙunci, to zai gani, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. So hana ganin laifi, in ji Hausawa. Don haka ne masu bincike ke ɓoye wa mai awo ko wane ne a gabansa.

Tambaya ta biyu ita ce, ko da ba a gane dalili ba, shin aikin yana sa sauƙi? Ai ga mutane suna rantsuwa sun ji daɗi. Hanyar amsawa ita ce a tara marasa lafiya da yardarsu, a raba su gida biyu ta ƙuri'a. Duka a shigar da su ɗakin tiyata, duka a zura musu bututu, amma rukuni ɗaya kaɗai za a hura wa balan-balan a buɗa jijiya. Mara lafiya bai san rukuninsa ba, likitan da zai auna shi daga baya ma bai sani ba. A Kanada aka yi haka da mutum 104, aka bi su mako 48. Da aka bayyana sakamako a 2017, babu bambanci tsakanin waɗanda aka buɗa wa jijiya da waɗanda aka yi wa kwaikwayo. A kowane rukuni an sami masu cewa sun ji sauƙi. Ba ƙarya su ke yi ba. Cutar dama takan kwanta da kanta, mutum kuma yakan nemi magani ne a lokacin da ta fi tsananta, saboda haka duk abin da aka yi masa a sa'an nan shi zai sami yabo. Ga kuma ƙarfin sa rai, wanda ke rage kasala da jin ciwo na ɗan lokaci.

Shi kansa Zamboni ya jagoranci irin wannan gwaji a asibitoci 6 na Italiya, da marasa lafiya 115, aka buɗa wa 76, aka yi wa 39 kwaikwayo, aka bi su shekara guda. A watan Nuwamba na 2017 ya sa sunansa a kan rahoton da ya nuna aikin bai inganta tafiya ko gani ko aikin hannu ba, kuma bai kamata a ba masu MS shawarar yinsa ba. Lalle wannan abin girmamawa ne, gama ba ƙaramin mutum ne zai auna abin da ya yi suna da shi, ya fito ya faɗi sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Amma da an fara da wannan gwaji kafin a kira 'yan talabijin, da an tsirar da rayuka da dukiya mai yawa. Binciken asalin cutar kuwa ya ci gaba ta wata fuska. A 2022 masana daga Jami'ar Harvard suka buga abin da suka samu daga bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 na tsawon shekara 20, cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr tana ninka haɗarin samun MS sau 32.

Wani zai ce, ai an sha raina sabon tunani daga baya ya zama gaskiya. Haka ne. A farkon shekarun 1980 likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce ke kawo yawancin gyambon ciki, aka yi musu kallon masu shirme. Amma da waɗansu suka duba a wurare dabam-dabam sai suka ga abin da suka gani, da aka ba da maganin kashe ƙwayar kuma gyambon ya warke bai komo ba. Aka ba su lambar Nobel a 2005. Ma'auni guda aka ɗora wa su da Zamboni, nasu ya tsaya, nasa ya faɗi. Raini da a ka yi wa mutum ba shi ne shaidar gaskiyarsa ba, kamar yadda yawan mabiya ba shi ne ba.

'Yan'uwa, MS ba ta yawaita a wurinmu ba, amma ciwon sukari da amosanin jini da hawan jini da ciwon daji sun yawaita, kuma ba mu rasa jin masu shelar sun gano maganinsu, a rediyo da kasuwa da wayar hannu, waɗansu da rigar likita, waɗansu da jakar saiwoyi. Saboda haka muna ba da shawara mu riƙe tambayoyi huɗu. Na farko, da wa aka kwatanta waɗanda suka sha maganin? Na biyu, mai awon ya san wanda ya sha da wanda bai sha ba? Na uku, wani dabam, wanda ba shi da riba a ciki, ya maimaita ya sami abu guda? Na huɗu, ina waɗanda bai yi wa amfani ba, da waɗanda ya cutar? Gama wanda ya warke shi ke fitowa ya yi magana, wanda ya kwanta dama ba ya ba da shaida. Kuma idan aka ce maka magani ya yi aiki ɗari bisa ɗari, to nan ne ya kamata ka ƙara buɗe ido, domin jikin ɗan Adam bai cika ba da irin wannan lissafi ba.

Ga waɗanda za su riƙe amanar baitulmali, ranar da jama'a suka cika ƙofar ofis suna kuka, mai girma kuma yana bugo waya, abin da ya fi sauƙi shi ne a sa hannu. Ƙin sauraron marasa lafiya zalunci ne, sayen abin da ba a auna ba da kuɗinsu kuma cin amana ne. Abin da ya dace shi ne a ce a kawo maganin a gwada shi bisa ƙa'ida, a bayyana sakamako kowane iri ne. Ga ɗan'uwa mara lafiya kuma, kada mu amsa masa da izgili, kada kuma mu bar shi ya sayar da gona ko ya watsar da maganin asibitin da ke riƙe da shi. Mu zauna da shi mu bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. In karatunmu bai iya yi wa danginmu wannan ba, to da sauran aiki a gabanmu.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi da gyara.